Shuɗaɗɗen Lokaci da Aikatau Masu Sauya Siga a Hausa da Sifaniyanci

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata mun kawo lokutan Hausa a dunƙule, muka kuma nuna lamiran da ake gane kowannensu da su. A wannan darasi za mu keɓe shuɗaɗɗen lokaci mu yi masa duban tsanaki, tare da neman amsar tambaya guda: idan mai magana yana son ya nuna cewa aiki ya riga ya auku, wane ɓangare na jimla yake sauyawa? Duk shekarar da aka yi wa sababbin ɗalibai wannan tambaya, mafi yawansu kan ce aikatau ne. Dalilin haka a fili yake. Nahawun da suka fara haddacewa a makaranta na Ingilishi ne, inda go kan koma went, don haka sai su ɗauka haka abin yake a kowane harshe. Malamin da ya shiga aji da wannan fahimta zai koyar da abin da babu shi a Hausa, ya kuma kasa bayyana abin da ke akwai.

Domin a ga bambancin ƙarara, za mu kwatanta Hausa da Sifaniyanci, harshen da ya ɗora nauyin lokaci kacokan a kan aikatau. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da wannan harshe a matsayin harshen uwa. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, wato Sifaniya da yawancin ƙasashen Latin Amurka, sai kuma Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da Nijeriya ta teku. Tun a 1492 Antonio de Nebrija ya wallafa littafin nahawunsa. Ba nufinmu ba ne mu koyar da Sifaniyanci. Mun ɗauko shi ne saboda baƙo ne ga kusan kowa a aji, wanda kuwa ya dubi tsarin baƙon harshe yakan dawo ya ga abin da sabo ya hana shi gani a nasa. Daga ƙarshe za mu kai batun cikin azuzuwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda da yawa daga cikinku za su yi gwajin koyarwa.

2.0 Yadda Sifaniyanci ke Sarrafa Aikatau

Aikatau na Sifaniyanci sun kasu gida uku bisa ga ƙarshensu: masu ƙarewa da -ar, da -er, da kuma -ir. Idan aka cire wannan ƙarshe, abin da ya rage shi ne saiwa. Ga aikatau mai bin ƙa'ida, saiwa ba ta motsi, ɗafa-ƙeya ne ke sauyawa ya nuna wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi shi. Dubi hablar (yin magana) da comer (cin abinci) a shuɗaɗɗen lokaci:

hablé (na yi magana), comí (na ci)
hablaste (ka/kin yi magana), comiste (ka/kin ci)
habló (ya/ta yi magana), comió (ya/ta ci)
hablamos (mun yi magana), comimos (mun ci)
hablasteis (kun yi magana), comisteis (kun ci)
hablaron (sun yi magana), comieron (sun ci)

Abin lura a nan shi ne, kalma ɗaya ta Sifaniyanci ta ɗauki aikin da Hausa ke yi da kalmomi biyu ko uku. Comí kaɗai jimla ce cikakkiya. Haka kuma akwai 'yar alamar da ke saman wasalin ƙarshe, wadda ke nuna gaɓar da ake ɗora wa ƙarfin murya. Hablo na nufin "ina magana", habló kuwa "ya yi magana". Haruffa iri ɗaya ne, wurin ƙarfin murya ne ya raba su, kuma ƙa'idar rubutun harshen ta tilasta a nuna shi. A riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa idan muka zo kan rubutun Hausa.

2.1 Masu Sauya Saiwa

Akwai rukunin aikatau masu ƙarewa da -ir waɗanda wasalin saiwarsu ke sauyawa a shuɗaɗɗen lokaci, amma a wurare biyu kawai: mutum na uku tilo da mutum na uku jam'i. Wasalin e kan koma i, wasalin o kuma ya koma u. Ga pedir (roƙo) da dormir (barci):

pedí, pediste, pidió, pedimos, pedisteis, pidieron
dormí, dormiste, durmió, dormimos, dormisteis, durmieron

Haka morir (mutuwa) kan ba da murió da murieron. Wannan sauyi yana da dalili na furuci. Ɗafa-ƙeyan -ió da -ieron suna farawa ne da sauti mai kama da /y/, wanda ake ɗaga harshe zuwa ganɗa wajen furta shi. Shirin da harshe ke yi na ɗagawa shi ke jawo wasalin da ya gabata sama, sai e ta zama i, o ta zama u. Sauyin ya tsaya ne kan 'yan gidan -ir, shi ya sa comió bai zama cumió ba. Akwai kuma aikatau na gidan -ar da -er da ke sauya saiwa a lokaci mai ci, kamar pensar (tunani) da ke ba da pienso, amma a shuɗaɗɗen lokaci sai su koma kan ƙa'ida: pensé. Nan ne masu koyon harshen suka fi tuntuɓe, domin sukan ɗauka mai sauyi a wuri ɗaya zai sauya a ko'ina.

2.2 Bauɗaɗɗun Aikatau

Rukuni na gaba ya fi wannan bauɗewa, domin saiwar gaba ɗaya ce ke zama wata daban ga kowane mutum. Tener (mallaka) kan ba da tuve, tuviste, tuvo, tuvimos, tuvisteis, tuvieron. Haka saber (sani) kan ba da supe, poner (ajiyewa) puse, venir (zuwa) vine, hacer (yi) hice, decir (faɗi) kuma dije. A nan ƙarfin murya na mutum na ɗaya da na uku tilo yana kan saiwa ne, don haka ba a sa alama a kan wasalin ƙarshe. Yawancin waɗannan sigogi gado ne daga harshen Latin, wanda Sifaniyanci ya tsiro daga gare shi: hice daga feci, dije daga dixi, vine daga veni. Wato tsohuwar ƙa'ida ce da ta mutu ta bar 'ya'ya.

Mafi ban mamaki su ne ser (kasancewa) da ir (tafiya). Aikatau biyu ne masu ma'ana daban, amma a shuɗaɗɗen lokaci sigarsu ɗaya ce: fui, fuiste, fue, fuimos, fuisteis, fueron. Sai an dubi sauran jimla ake gane ko fue na nufin "ya kasance" ko "ya tafi". Akwai kuma sauyin da na rubutu ne kawai, kamar buscar (nema) da ke ba da busqué. Sautin /k/ yana nan yadda yake, harafin ne aka musanya, don haka ba za mu tsaya kansa ba.

Ɗalibin da ya yi karatun sarfu a zaure ko a Islamiyya bai kamata wannan ya zame masa sabon abu ba. A Larabci kataba kan ba da katabtu ba tare da saiwa ta motsa ba, amma ƙala kan ba da ƙultu, inda wasalin tsakiya ya sauya. Abin da malaman sarfu ke kira fi'ili ajwafi ɗan'uwan dormir ne ta wannan fuska.

3.0 Inda Lokaci Yake a Jimlar Hausa

A Hausa lokaci yana tare da zagin aikatau, wato ɗan wakilin sunan nan da ke zuwa gaban aikatau. Sunan ya dace da shi, domin kamar zagin sarki yake, yana gaba yana sanar da wanda ke tafe. Dubi waɗannan jimloli:

Sun kama ɓarawo.
Za su kama ɓarawo.
Sukan kama ɓarawo.
Su kama ɓarawo.

Lokaci ya sauya sau huɗu, kama tana nan ba ta motsa ba. Wuri ɗaya da za a yi togaciya shi ne lokaci mai ci, inda aikatau da yawa kan ba da wuri ga sunan aiki, kamar a "suna kamawa" ko "suna sayen doki". Wannan kuwa darasi ne mai zaman kansa.

Shuɗaɗɗen lokaci iri biyu ne. Ga zagagensu a Daidaitacciyar Hausa:

Na I: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an
Na II: na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka

Kada ɗalibi ya ɗauka na I na nufin aikin da ya auku ɗazu, na II kuma wanda ya daɗe da aukuwa. Wannan kuskure ne da ya yaɗu, har akan same shi a takardun shirin darasi. Ginin jimla ne ke zaɓar wanda za a yi amfani da shi. Ana amfani da na II bayan kalmomin tambaya irin su wa, me, ina da yaushe. A cikin ganga mai farawa da wanda ko da. Idan an fito da wani ɓangare na jimla gaba don a ƙarfafa shi. Da kuma wajen jero aukuwar abubuwa a labari. Alal misali:

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996.
A 1996 ne aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.
Yaushe aka ƙirƙiro Jihar Zamfara?

Aukuwa ɗaya ce, shekara ɗaya ce, amma an ta koma aka saboda tsarin jimla ya sauya. A korewa kuwa bambancin kan ɓace, domin siga ɗaya ce ke yi wa duka biyun aiki: ban, ba ka, ba ki, bai, ba ta, ba mu, ba ku, ba su, ba a, tare da ba a ƙarshe. Shi ya sa ake cewa "ba su zo ba", a kuma ce "su ne ba su zo ba".

Ya kamata a ƙara da cewa sunan "shuɗaɗɗe" kansa yana da ɗan ruɗi. Wanda ya miƙe tsaye ya ce "na tafi" bai tafi ba tukuna. Wanda ya ce "na sani" ko "ya isa" halin da ake ciki yake bayyanawa. A "kafin ka dawo mun gama" kuwa gamawar tana gaba. Abin da wannan siga ke nunawa a haƙiƙa shi ne kammaluwar aiki, ko a jiya ko a gobe.

4.0 Abin da ke Sauya Aikatau na Hausa

Duk da abin da aka faɗa, aikatau na Hausa yana sauya siga. Abin da ke sa shi sauyawa shi ne abin da ya biyo bayansa. F. W. Parsons ne ya tsara wannan bayani a 1960, inda ya kasa aikatau zuwa giredi bakwai, ya kuma nuna sigogin da kowanne ke ɗauka: siga ta A idan babu karɓau a bayansa, ta B idan karɓau wakilin suna ne, ta C idan karɓau suna ne, ta D kuma gaban wa ko ma. A giredi na ɗaya sauyin tsawon wasali ne, wani lokaci har da karin sauti, rubutu ba ya nuna shi. A giredi na biyu ne abin ke fitowa fili:

Abin da ya saya ke nan. (A)
Ya saye shi. (B)
Ya sayi doki. (C)

A gwada jimla ta uku da kowane lokaci: zai sayi doki, yakan sayi doki, bai sayi doki ba. Sayi ba ta kula da lokaci, doki take kallo. Haka nema, neme, nemi; tambaya, tambaye, tambayi; karɓa, karɓe, karɓi. Malamin da ya rubuta a allo cewa saya na lokaci na gaba ne, sayi kuma na shuɗaɗɗe, ya ɗauko tsarin wani harshe ya ɗora wa Hausa.

Sai dai a yi hattara wajen gyaran rubutun yara. Idan yaro ya rubuta "ya saye hatsin kasuwa", kada a yi gaggawar mayar da shi sayi. Akwai wata saye ta giredi na huɗu, mai karin sauti sama-ƙasa, wadda ke nufin ya sayi hatsin duka bai rage ba. Ita tana iya zuwa gaban suna. A tambayi yaron abin da yake nufi kafin a ja masa jan biro.

4.1 Sauyin Saiwa a Hausa

Wasulan e da i na siga ta B da ta C wasulan gaba ne, kuma sukan yi tasiri a kan baƙin da ya gabace su. Wannan shi ne ganɗantawa: t kan koma c, s ta koma sh, z da d kuma su koma j.

sata: ya sace shi, ya saci akuya
fansa: ya fanshe ta, ya fanshi gonarsa
ciza: ya cije shi, ya ciji yaro
gada: ya gaje shi, ya gaji ubansa

Idan aka tuna bayanin pidió da durmió, za a ga dalili ɗaya ne ke aiki a harsunan biyu, wato sautin da ake furtawa kusa da ganɗa yana jawo na gabansa. A Sifaniyanci wasali ya jawo, a Hausa kuma baƙi. Misali na ƙarshe yana da ɗan abin dariya a rubuce, domin "ya gaji" na iya zama gajiya ko gado. A baki babu ruɗu, saboda a ta gado doguwa ce, ta gajiya gajera.

Akwai kuma aikatau guda da wasalin saiwarsa ke sauyawa, wanda shi ya fi kama da pedir. Shi ne ɗiba: abin da ta ɗiba, ta ɗebe shi, ta ɗebi ruwa. Masu magana suna yin wannan sauyi kullum ba tare da sun lura ba, kuma ɗalibai ƙalilan ne ke iya kawo shi idan aka ce su ba da misali.

4.2 Bauɗaɗɗun Aikatau na Hausa

Tsarin Parsons bai kama kowane aikatau ba. Masu gaɓa ɗaya irin su ci, sha, bi da ji, tare da irin su kira, jira da biya, sun tsaya a waje, har Paul Newman ya tara su a rukunin da ya kira giredi na sifiri, kamar yadda yake a babban nahawunsa na 2000. Bayan su akwai 'yan kaɗan da ba su shiga kowane giredi ba. Ga mafi muhimmanci:

gani: na gani, na gan shi, na ga Audu
sani: na sani, na san shi, na san Audu
bari: na bari, na bar shi, na bar gida

Gani ya fi sauran bauɗewa, domin sigoginsa uku duk daban suke. Aikatau ba kuwa ba ya tsayawa shi kaɗai. Ana cewa "ya ba ni" ko "ya ba Audu", amma idan ba a ambaci wanda aka bai wa ba, sai a ari bayar a ce "ya bayar". Zo da je su ma suna da nasu hali. Aikatau biyu ne masu fuskantar wurare daban, amma sunan aikinsu ɗaya ne, wato zuwa. "Ina zuwa" na iya nufin ga ni nan tafe gare ka, "ina zuwa makaranta" kuma na nufin can nake nufa. Wannan tarayya ta yi kama da ta ser da ir a kan fui.

Idan aka jera bauɗaɗɗun harsunan biyu, za a ga ma'anoninsu sun yi kusa: saber da sani, venir da zo, ir da je. Hausa da Sifaniyanci ba su da dangantaka ta asali, don haka ba gado ne ya haɗa su ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, kalmar da ake ji dare da rana yaro kan haddace ta yadda take, ta tsira da tsohuwar sigarta, wadda kuwa ba a cika ji ba sai a yi mata ƙiyasi da sauran. Ƙananan yaran Sifaniya kan ce poní maimakon puse kafin kunnensu ya gyara musu. Haka mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kan ce "na gani shi" ko "na saya doki". A garin kasuwanci irin Ƙaura Namoda, wanda ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, malami zai iya samun irin waɗannan ɗalibai a ajinsa. Maganin kuskurensu shi ne yawan atisaye da karɓau iri-iri. Ƙarin bayani a kan lokaci ba zai amfane su da komai ba.

5.0 Shuɗaɗɗen Lokaci a Bakin Yaran Arewacin Zamfara

A wata shekara da na je duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a wata makaranta a wannan yanki, na ɗauki littafin insha'in wani yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ya rubuta: "Ran Alhamis mun tahi kasuwar Shinkafi da babana. Da munka isa sai yas sayi akuya, yab biya, munka komo gida." Ɗalibin namu ya zagaye munka da yas da yab da jan biro, ya rubuta a gefe cewa babu irin wannan a Hausa. Da na buɗe shafukan gaba, sai na ga yaron ya daina amfani da siga ta II gaba ɗaya. Ya koma rubuta "da mun isa sai ya sayi akuya, mun komo gida". Wato an raba shi da jimla mai kyau a karin harshensa, an bar shi da wadda ba ta da kyau a kowane kari.

Abin da yaron ya fara rubutawa shi ne shuɗaɗɗen lokaci na II kamar yadda yake a karin harshen yamma, wanda ya haɗa da Zamfarci da Sakkwatanci. Kuma ya sa shi daidai inda nahawu ya ce a sa: bayan da, da kuma wajen jero labari. Ga yadda sigogin suke idan aka kwatanta:

Daidaitacciya: na ci, ka ci, ya ci, ta ci, muka ci, kuka ci, suka ci, aka ci
Karin yamma: nic ci, kac ci, yac ci, tac ci, munka ci, kunka ci, sunka ci, anka ci

A jam'i bambancin n ce kawai. A tilo kuwa zagin aikatau yana ƙarewa da baƙin da aikatau ya fara da shi: yac ci, yat tahi, yas sayi, yab biya. Masana sun bayyana cewa asalin wannan baƙi shi ne -ka ɗin nan da ke cikin muka da suka. A tilo wasalinta ya faɗi, k da ta rage ta nashe cikin baƙin da ke biye. Hausar Kano, wadda aka gina Daidaitacciyar Hausa a kanta, ta yar da baƙin gaba ɗaya. Ashe ke nan abin da ke bakin yaron Zurmi ya adana wata alama da ta ɓace a Kano. Irin waɗannan sigogi sun cika waƙoƙin malaman Sakkwato na ƙarni na 19 da na makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, waɗanda ake nazarta a darussan adabi. Malamin da ya ce babu su a Hausa zai sha wuya ranar da ya zo koyar da waɗannan waƙoƙi.

Yanzu mu dawo kan batun hablo da habló. Sifaniyanci na sa alama don raba su, rubutun Hausa na yau da kullum kuwa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Sakamakon haka "ya tafi" a rubuce na iya zama abu uku:

Audu ya tafi. (yaa, dogo, karin sama: shuɗaɗɗe na I)
Audu ne ya tafi. (ya, gajere, karin sama: shuɗaɗɗe na II)
Ka ce wa Audu ya tafi. (yà, gajere, karin ƙasa: umarni)

Wannan shi ne wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa idan aka ce su fayyace lokacin jimla, har da na manyan makarantu. Yaron Shinkafi kuwa yana da sigogi uku mabambanta a bakinsa: ya tahi, yat tahi, shi tahi. Idan malami ya ce masa ya faɗi jimlar yadda ake faɗa a gida, nan take zai san wane ya ne ke gabansa. Abin da ɗalibinmu ya zagaye da jan biro shi ne kayan aiki mafi sauƙi da yake da shi na koyar da wannan darasi.

Ga yaran da ba su tashi da wannan kari ba, akwai wata dabara, ita ce mayar da jimla jam'i. "Titin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929" da "A 1929 ne titin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda" duk ya suke ɗauke da shi. A sauya aikau ya zama jam'i, a ce ma'aikata, sai ta farko ta ba da sun iso, ta biyu suka iso. Idan umarni ne su za ta fito. Ni dai na fi son malami ya yi amfani da dabarun biyu a aji ɗaya, domin kowane ɓangare na yara ya ji na ɗan'uwansa.

Wannan ba ya nufin a bar yaro ya ci gaba da rubuta munka a insha'i. Daidaitacciyar Hausa ake nema a jarrabawar WAEC da NECO, kuma haƙƙin yaro ne a koya masa ita har ya ƙware. Abin da ake so shi ne gyaran ya zo da bayani. A raba allo gida biyu, a rubuta "yadda muke faɗa" a dama, "yadda ake rubutawa" a hagu. A nuna wa yara cewa aikin da ke gabansu ƙarami ne: a jam'i su cire n, a tilo su cire baƙin da aka maimaita, nic kuma ta koma na. A gefen littafin yaro a rubuta "karin harshe ne, a rubuce muka ake sawa". Sauyin f da h na tafi da tahi batu ne na tsarin sauti, a ware masa ranarsa, kada a cakuɗa shi da na lokaci.

6.0 Jinga

1. Kawo sigogin A, B da C na waɗannan aikatau cikin cikakkun jimloli, sa'annan ka nuna waɗanda aka samu ganɗantawa a cikinsu: ziyarta, zaɓa, fahimta, ɗauka, gaza, taimaka. Ɗaya daga cikinsu ba ɗan giredi na biyu ba ne. Fito da shi tare da hujja.

2. Servir (yin hidima) ɗan rukunin pedir ne. Sarrafa shi a shuɗaɗɗen lokaci, ka ja layi a ƙarƙashin sigogin da saiwa ta sauya.

3. Wani malami ya gaya wa ajinsa cewa gani lokaci mai ci ne, ga kuma shuɗaɗɗe. Kawo jimloli huɗu da za su rushe wannan magana.

4. Nemi wani dattijo ko wata dattijuwa daga Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya ba ka gajeren labari. Rubuta jimloli goma daga ciki daidai yadda aka furta su, ka mayar da su Daidaitacciyar Hausa, ka kuma fayyace lokacin kowane ya da ta da suka fito a rubutun naka na biyu.

5. Tsara shirin darasi na minti 40 domin 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kan bambancin sun, suka da su. A kawo shi a mako mai zuwa.